Bindigar Hannu Ƴar Kwaikwayo: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ran wata Lahadi, ranar cin kasuwar Tawa, muna fitowa daga gidan rediyo bayan mun kammala shirinmu na ƴan kasuwa, sai wani Alhaji mai fataucin dabbobi tsakanin Abalak da Tawa ya tare mu a bakin ƙofa. Ya ja mu gefe, ya rage murya, ya ce yana da tambayar da ba a yin ta ta waya. Wai wani yaronsa da ya dawo daga arewa ya kawo masa ƙaramar bindigar hannu da araha, aka ce masa ƴar Italiya ce. To ga shi wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, ya yi ta cigiya a ɓoye bai samu irinsa ba, ko mun san inda ake samu? Muka ce: "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ba mu sani ba, ko da mun sani ma ba za mu nuna maka ba." Amma tambayar ta tsaya mana a rai, domin mun tabbata ba shi kaɗai ba ne ke da irin wannan ajiya a ƙarƙashin katifa.

Ba mu ga laifin tsoron da ya kai shi ga saye ba. Duk ɗan Adar ya san abin da ya faru ranar 21 ga watan Maris na 2021, lokacin da ƴan bindiga suka afka wa Intazayen da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, gwamnati ta ba da sanarwar mutuwar mutum 137. Tun a 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. A kudu kuma, wajen iyakarmu da Sakkwato, satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun hana mutane barci. Mutumin da zai taso daga kasuwar dabbobi da kuɗin raguna hamsin a aljihu, dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa. Abin da muke so mu duba shi ne, mene ne ainihin abin da ake sayar masa?

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin kwaikwayo. Hajiya mai sayar da atamfa tana taɓa zane da yatsa biyu ta gane ƴar Holan da ƴar China, ko da zanen furen iri ɗaya ne. Keken ɗinki Butterfly kuwa a kan samfurin Singer aka ƙera shi, ya kuma ciyar da gidaje da yawa. Haka abin yake a duniyar makamai. Bindigar Tokarev da Tarayyar Sobiyet ta fitar a shekarun 1930, China ta yi irin tata mai suna Type 54. Makarov ta 1951, ita ma China ta yi mata ƙanwa, Type 59. Masar ta ƙera Helwan a kan wata tsohuwar Beretta ta Italiya. A Brazil, kamfanin Taurus ya sayi masana'antar Beretta ta birnin Sao Paulo a 1980, ya ci gaba da fitar da bindiga mai kama da Beretta 92. Ita kuwa CZ 75 ta ƙasar Cekoslobakiya, wadda ta fito a 1975, an kwaikwaye ta a Italiya da Turkiyya da China da wasu wurare. Waɗannan duka bindigogi ne na gaske, daga masana'antu na gaske, sojoji da ƴan sanda na ƙasashe da dama sun riƙe su.

To amma ba irin waɗannan ne suka fi faɗawa hannun talaka a ƙasarmu ba. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, da kuma buɗewar wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten a 2014, wata irin bindiga ta bazu a arewa, wadda asalinta ba ta harbi ba ce. A Turkiyya ake yin mafi yawansu, don ƙara kawai: ta yi tsawa ta fitar da hayaƙi, a tsorata ɓarawo ko a yi shagalin biki. Amma ana yi musu siffar Beretta ko Glock sak, har nauyinsu a hannu yana ruɗin wanda bai sani ba. Daga baya wasu ɓata-gari su taɓa su don su riƙa fitar da harsashi, su sayar wa mai tsoro a matsayin ta gaske. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke birnin Janeba, a rahoton da ta fitar kan Nijar a 2018, ta ambaci irin waɗannan cikin makaman da jami'an tsaronmu ke kamawa, ta kuma nuna cewa ta Libiya suke shigowa. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A watan Janairun 2017 an gano kimanin guda 25,000 cikin wani jirgin ruwa a tashar Kismayo ta Somaliya. A Ingila ma, a watan Fabrairun 2025, ƴan sanda sun ba mutane wa'adi su miƙa wasu samfurori na Retay da Ekol da Ceonic da Blow, bayan an tabbatar sun saɓa wa dokar ƙasar.

Ga inda haɗarin yake. Ƙarfen da ake zuba yawancin irin waɗannan da shi mai taushi ne, dangin na hannun ƙofa da kan famfo, ba a yi shi don ya jure ƙarfin harsashi ba. Tana iya tashi sau ɗaya ko sau biyar, ran da ta ga dama kuma ta tarwatse a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido. Ɗan fashin da ya tare hanyar Cintabaradan kuwa da Kalashnikov yake zuwa, kuma ba shi kaɗai ba. Wanda ya zaro irin wannan abu a gabansu ya ba su dalilin harbi ne kawai, shi da duk waɗanda ke cikin motar.

Sai maganar kayan gyara, wadda ita ce ta kawo Alhaji wurinmu. Mutanenmu sun saba da sha'anin moto: in Kasea ta lalace, sai ka je layin masu kayan gyara, a ɗauko maka na wata moto ƴar China, sau da yawa ya zauna daram, domin injinansu da yawa daga samfurin Honda guda aka kwaikwayo su. Wannan sabon ne ke sa mutum ya ɗauka haka bindiga take. Ba haka ba ne. Ko tsakanin na gaske, kama a ido ba ta nufin kayan ciki ɗaya ne. Kowace masana'anta tana sauya awo da ɗan abin da ido ba ya gani, wani lokaci ma samfuri guda na kamfani guda ya bambanta daga shekara zuwa shekara. Harsashin ma kowace da nata: na Tokarev daban, na Makarov daban, na Beretta daban, ko da yake biyu na ƙarshen duka ana kiransu milimita 9. Ita kuwa ƴar ƙarar nan ta Turkiyya, fuska kawai ta ara, babu abin da ya haɗa cikinta da bindigar da take kwaikwayo. Kayan gyaran moto in bai dace ba, ka tura ta zuwa gida. Na bindiga in bai dace ba, a jikinka za ka ji.

Kuma a wane shago za a saya? Babu rumfar da ke da izinin sayar da irin wannan a kasuwar Tawa ko Ƙonni ko Abalak. Saboda haka mai nema dole ya bi ta hannun dillalan ɓoye, ko ya kai wa maƙeri ya fafe masa wani ƙarfe da ƙiyasi. Kowane mutum da ya tambaya, ya ƙara yawan waɗanda suka san yana da bindiga, suka kuma san yana da dukiyar da yake karewa. Cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda da rana suke sayar maka, da dare su ba abokansu labarin gidanka. A nan ne mu muke ganin asarar ta fi ta kuɗin da aka biya.

Doka kuma ba ta san araha ba. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, wanda aka kama ba shi da ita kuwa kotu ce da kaso, ko bindigar tana tashi ko ta karye. Tun 1994 ƙasarmu ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI, bayan tawayen da ya taso daga rikicin Cintabaradan na 1990. Manyanmu suna tune da ranar 25 ga watan Satumba na 2000, da aka tara makamai aka cinna musu wuta a Agadas. A 2006 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar ƙananan makamai. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma kada wani ya ruɗe ku, dokar cikin gida tana nan ba ta tafi ko'ina ba.

Iyayenmu mata masu zirga-zirga da kaya, wannan ya shafe ku kai tsaye. Ƴan ƙananan ƙarafan nan ba su cika tafin hannu ba, cikin buhun albasa ko ɗaurin atamfa ko kwalin sabulu ake cusa su. A tasha wani zai zo da ladabi ya ce: "Hajiya, don Allah ga ɗan saƙo ki miƙa wa ƙanena a Tawa." In jandarma ko ƴan duwan suka buɗe a shinge, wadda kayan ke hannunta ita za a sauke, mai saƙon kuwa lambar wayarsa ta daina shiga. Duk saƙon da ba a buɗe shi a gabanki ba, ki ce a kai wa kamfanin mota su rubuta shi da sunan mai shi.

Da muka zauna da wasu tsofaffin fatake kan wannan batu, abin da suka fi nanatawa shi ne a daina yawo da kuɗi. Yau akwai Nita da Al Izza da Amana a manyan garuruwanmu, mutum ya zuba kuɗinsa a Abalak ya karɓa a Tawa, ladan da zai biya bai kai kuɗin ƙafar rago ba. Suka ƙara da tafiya cikin ayari, da barin hanya kafin magariba, da rufe baki kan ranar tashi.

Shi dai Alhaji mun ba shi shawara ya sami hakiminsu ko mai garinsu, ya yi masa jagora a miƙa abin ga hukuma, tun kafin a zo a same shi da shi. Ya yi shiru, ya ce jikka nawa ke nan ta tafi a banza, ya gyara rawaninsa ya yi mana sallama. Lahadin da ta biyo baya mun leƙa kasuwar dabbobi ba mu gan shi ba, yaransa suka ce ya wuce Badagishiri da raguna.