Ciwon Toshewar Huhu Da Na'urar Hura Iska Ta Hanci

A kusan kowane ƙauye akwai tsoho ko tsohuwa mai tarin da ba ya jin magani. Kullum da asuba sai tari da kaki. In za shi masallaci ko kasuwa, sai ya tsaya a hanya ya huta. Mutane su kan ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa ciwo ne. Likitoci suna kiransa COPD, mu za mu kira shi ciwon toshewar huhu.

Kada mu ɗauka shi ne tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗauka, ana kuma warkewa in an sha magani wata shida. Wannan kuwa ba a ɗauka, amma in ya kama mutum ba ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe mutum fiye da miliyan 3.

Abin Da Ke Kawo Shi

Babban abin da ke kawo shi hayaƙi ne. Na farko hayaƙin taba. Na biyu hayaƙin itace da kara da kashin shanu, wanda mata ke shaƙa shekara da shekaru a ɗakin girki marar taga. Ƙurar wurin aiki ita ma tana kawo shi.

Cikin iskar da mu ke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ana kiransa oksijin. Shi jini ke ɗauka ya kai wa jiki. In mun fitar da numfashi, muna fitar da gurɓatacciyar iska wadda jiki ya gama da ita. To, hayaƙi ya kan sa hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su tsuke, majina ta cika su. Iska mai kyau ba ta shiga sosai, gurɓatacciya ba ta fita duka. Shi ya sa mutum ke haki.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Wani lokaci mura ko ƙurar hunturu ta kan ta da ciwon, har a kai mutum asibiti. Abin da aka saba yi shi ne a sa masa siririyar roba a hanci a ba shi oksijin, lita ɗaya zuwa shida a minti ɗaya. Wannan iska busasshiya ce, mai sanyi. In aka ƙara ƙarfinta, sai hanci ya bushe ya yi zafi.

Yanzu akwai wata na'ura mai hura iska da yawa ta hanci. Tana iya hura har lita 60 a minti ɗaya, watau cikin jarka uku masu lita 20. Tana gauraya iska da oksijin gwargwadon yadda likita ya so. Sa'an nan ta bi da iskar ta kan ruwan ɗumi, ta ɗauki laima, ɗuminta ya zo daidai da ɗumin jiki, watau digiri 37. Saboda haka hanci ke iya jure ta.

Amfaninta uku ne. Na ɗaya, duk lokacin da muka fitar da numfashi, sauran gurɓatacciyar iska ta kan maƙale a hanci da maƙogwaro, mu sake shaƙe ta. Iskar na'urar tana kore ta, kamar yadda hayaƙi ke fita daga ɗaki in an buɗe ƙofa da taga. Na biyu, ƙarfin iskar yana taimakon hanyoyin huhu kada su rufe, numfashi ya yi sauƙi. Na uku, laimar tana tsinka majina, a iya tofar da ita.

Ban da wannan, bakin marar lafiya a buɗe ya ke. Yana iya magana da 'yan'uwansa, ya sha kununsa.

A ƙasar Denmak likitoci sun gwada ta a gida, cikin binciken mutum 200 masu wannan ciwo. A shekarar 2018 suka ba da labari cewa waɗanda aka ba na'urar, ciwon bai riƙa tasar musu kamar na sauran ba.

Gargaɗi

Na'urar ba ta warkar da ciwon, sauƙi ta ke kawowa. Tana bukatar lantarki da ruwa mai tsabta ƙwarai da ma'aikacin da ya san aikinta, don haka ba kowane asibiti ke da ita ba. In ciwon ya yi tsanani, likita ya kan zaɓi wata na'ura dabam, mai rufe hanci da baki.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Yawan oksijin yana cutar mai wannan ciwo. In ya yi yawa, gurɓatacciyar iska ta kan taru cikin jininsa, ya yi ta gyangyaɗi, har ya suma. Likita ya kan maƙala masa wani ɗan ma'auni a yatsa, yana so ya nuna tsakanin 88 da 92. Saboda haka in muna jinya, kada mu murɗa kan tukunyar oksijin don tausayi. Mu kira ma'aikacin asibiti. Kada kuma a kunna ashana ko taba kusa da ita, gama oksijin yana hura wuta.

Abin Da Ke Hannunmu

Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, amma ana iya hana ɓarnar ƙaruwa. Mai shan taba ya bari. Maigida ya huda taga a ɗakin girki, ko a yi girki a fili. A yi amfani da busasshen itace. Uwa kada ta zauna cikin hayaƙi da goyo a baya. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya tafi asibiti a auna shi, kada ya jira sai ya kasa tafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin wannan ciwo da tarin fuka?
2. Faɗi amfani uku na na'urar.
3. Don me ba a ƙara wa marar lafiya oksijin sai da iznin likita?
4. Ɗakin girkin gidanku yana da taga?