Faifan haƙoran mota mai giya otomatik: a ƙirga kafin a biya kuɗi

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya ga yadda motoci masu giya otomatik suka yawaita a hannun jama'a, har da manyan nan masu injin silinda shida da takwas waɗanda matasa ke so saboda gudu. To, a cikin kayan gyaran irin waɗannan motoci akwai wani ƙarfe da ba a cika kula shi ba, alhali kuwa yana yawan haɗa mai shago da mai mota faɗa. Shi ne faifan haƙoran da ke tsakanin inji da akwatin giya.

Makanikai da dama suna kiransa filaiwil, kamar na mota mai kuloci, amma ba ɗaya suke ba. Na mai kuloci yana da kauri da nauyi. Na otomatik kuwa faranti ne na ƙarfe marar kauri, tsakiyarsa a ɗaure da karankshaf, gefensa a ɗaure da tulun man nan da ake kira konbata, bakinsa kuma kewaye da haƙoran da sitata ke kamawa in za a tayar da mota. Da gangan aka yi shi ya riƙa ɗan lanƙwasawa, domin konbata takan ɗan matsa gaba da baya idan ta yi zafi ko aka taka mota da ƙarfi.

Idan ya tsage, galibi kewayen ramukan notin tsakiya yake tsagewa, sai a riƙa jin ƙwanƙwasa a bayan inji wadda takan canja sauti in an sa giya. Ƙarar ta yi kama da ta injin da ke shirin bugawa, shi ya sa wani sai a ce masa ya nemi sabon inji, alhali faranti ne kawai ya tsage.

Abu na farko da mai saye zai yi shi ne ƙirga haƙora, ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama da alli. A Amurka, inda gyaran motocin tsere ya zama babbar sana'a, injin Chevrolet mai silinda takwas na da faifai iri biyu, mai haƙora 153 da mai 168, na Ford 302 kuma akwai mai 157 da mai 164. Kowanne da faɗinsa da sitatar da ta dace da shi. In aka yi musaya, ko dai sitata ta kasa kamawa ko ta cinye haƙoran.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi ruɗar mutane. Wasu injuna an daidaita su daga ciki, faifansu ba ya ɗauke da komai. Wasu kuma sai an manna wani guntun ƙarfe a jikin faifan kafin injin ya yi juyi lami lafiya. Kamfanin Ford ya canja nauyin wannan guntu a injin 302 daga shekarar 1981, Chevrolet kuma a 1986 ya canja ƙarshen karankshaf, har tazarar ramukan noti ta sauya. Ke nan inji mai suna ɗaya, amma faifan wata shekara ba ya hawa na wata, ko ya hau motar ta kama karkarwa har ta lalata metal. Don haka tambayar da mai shago zai yi ba “wace mota ce?” kaɗai ba ce. Ya nemi lambar inji da shekararsa, tunda motoci da yawa a nan ba da injinsu na asali suke yawo ba.

Akwai kuma injunan da na'urar ƙirga juyin inji ke karatu daga jikin faifan, irin su Nissan VQ35 da Jeep mai lita 4. Nan in tsagogin ba su yi daidai ba, motar ba za ta ma tashi ba, sai a yi ta zargin mai wayarin a banza.

Wasu masu gudu sukan zo neman faifai mai tambarin SFI 29.1. Wannan shaida ce ta wata hukuma a Amurka da ke gwada kayan tsere, kuma ƙungiyar tsere ta NHRA tana wajabta shi ga motar da ke cinye mita 402 cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Shaidar shekara uku take yi, sannan a sabunta. Ƙarfensa ya fi kauri, an kuma yi wa zoben haƙoransa walda mai ƙarfi. A ganina, wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi sosai shi ke da buƙatarsa. Motar da take yadda kamfani ya yi ta, faifan asali ko na Beljiyam mai lafiya daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa ya ishe ta, kuma ya fi sabo marar suna da marar lamba a jiki. Araha dai ba ta ado, balle a nan da sai an sauke akwatin giya dungurungum kafin a kai ga faifan.

Na Beljiyam a wanke shi da fetur, a duba kewayen ramuka a hasken rana, a aza shi kan abu mai shafe a ga ko ya karkace. Wanda aka yi wa walda a wurin tsaga a bar shi, don zai sake tsagewa.

Wani lokacin ma laifin ba na faifan ba ne. Akwai ƴan turakun ƙarfe biyu da ke daidaita inji da akwatin giya, kuma in ɗaya ya ɓace wajen sauke inji, duk faifan da aka sa zai tsage. Haka in konbata ba ta zauna sosai a mazauninta ba. Kafin a ja ta a ɗaure, ya kamata a ga tazarar kamar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifan. A injunan Toyota da yawa kuma akwai ƙananan faranti biyu, ɗaya gaban faifan ɗaya bayansa, waɗanda yaran gareji kan manta a ƙasa. Mai shagon da ya tuna wa makaniki waɗannan, ya kuma sa aka kawo tsohon faifan aka ɗora kan sabon rami da rami kafin ya karɓi kuɗi, da wuya a dawo masa da kaya ranar kasuwa mai zuwa.