Yayin Sallar bana: Wa ya zaɓa mana launin tun bara?

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ana saura sati uku Sallah ya san abin da nake nufi. Ka shiga layi na farko, ka ga wani launi a rataye a bakin shago. Ka shiga na biyu, shi ne dai. Kafin ka fito titi, ka gan shi a atamfa, ka gan shi a leshi, har a mayafi. Ranar Idi kuwa sai ka rantse anko aka yi gari guda. To wai wa ya zaɓa mana?

Yawancinmu za mu ce TikTok ne, ko wata jarumar Kannywood ce ta saka aka gani. Akwai gaskiya a ciki, amma kafin hoton ya iso wayarka, launin ya daɗe yana tafiya.

A birnin Paris na Faransa akwai baje kolin yadi mai suna Première Vision, wanda masaƙan siliki na garin Lyon suka fara a 1973. Sau biyu a shekara masaƙu da masu zayyana tufafi ke haɗuwa a can. Ba riga ake kallo ba, ƙyalle ake taɓawa: nauyinsa, sheƙinsa, yadda yake zuba a jiki. Abin da aka baje yau, sai bayan kamar shekara guda zai shiga kantuna. A Shanghai ta ƙasar Sin ma ana yin irinsa, Intertextile. Kamfanin Pantone na Amurka kuma yana sanar da launin shekara tun 2000. Na 2025 wani ruwan ƙasa ne mai kama da koko, da suka kira Mocha Mousse.

Kada ka ce ina ruwanka da Paris. Shaddar gezna da angwaye ke ji da ita, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a Ostiriya. Atamfar Holan da iyayenmu ke ajiyewa a ƙasan akwati, ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a 1846. Mai araha da ta cika kasuwa kuwa galibi daga Sin take zuwa, kuma sau da yawa zanen masu tsadar ake kwaikwaya. Ka ga ashe hanyar ta biyo har ƙofar gidanku.

Mataki na gaba shi ne bakin shago. A Landan, kantin Selfridges da aka buɗe a 1909 ya yi suna wajen ƙawata tagoginsa na gilashi, har mutane kan tsaya kallo ko ba su da niyyar saye. Mu namu salon daban ne, amma dabarar ɗaya ce. Ɗan kasuwa ba ya rataya turmi a ƙofa haka siddan. Wanda ya sa a gaba, ko sabon shigowa ne, ko kuma yana neman rabuwa da shi kafin ya yi kwantai. Gane bambancin nan shi ne ilimin.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne ga matashin tela ko budurwar da ke sayar da kaya daga gida. Wanda ya tattara ɗan jarinsa ya zuba a launin da yayinsa ke shirin wucewa, bayan Sallah zai zauna da kaya yana karya farashi. Wanda ya karanci kasuwa da wuri, shi ke cin ribar.

Yaya ake karantar ta? Ka ware rana guda ka zaga ba don saye ba. Launin da ka gani a shaguna biyar na dillalai daban-daban, a yadi iri-iri, yana tasowa ne. Wanda ya riga ya sauko kan teburan bakin titi da rabin kuɗi, ya kusa gama zamaninsa. Ka taɓa ƙyallen da hannunka, don hoto ba ya nuna ko yadi zai yi zafi a watan Afrilu. Ka tambayi mai shago, “Alhaji, wanne ne ya fi fita satin nan?” Idan ka gaishe shi da ladabi, zai gaya maka abin da ba za ka samu a waya ba. In lokacin baje kolin Kano ko na Kaduna ya zo, ka leƙa rumfunan masu yadi da ɗinki.

Sai dai kallo daban, kwafa daban. Idan duk telolin unguwa suka ɗauko hoto ɗaya, a kan farashi kaɗai za su yi gasa, kuma kowa zai sha wuya. Ɗauki abu guda, launi ko yankan hannu, ka haɗa da abin da ka gada. Marinar Ƙofar Mata na nan tana rini da baba, masu bugu na nan suna fito da sheƙin yadi, ga aikin aska takwas na babbar riga da har yau ba a gama cin moriyarsa a ɗinkin zamani ba.

Masaƙun Kaduna da Kano da suka ciyar da dubban gidaje yawancinsu sun rufe, shi ya sa launinmu ke zuwa daga waje. Amma almakashi yana hannunmu. Kafin Sallah mai zuwa, shiga kasuwa da ɗan littafi a aljihu, ka rubuta abin da ka gani, ka dawo bayan wata biyu ka duba ko hasashenka ya yi daidai.