Saukar Ƙananan Jiragen Sama: Inda Matuƙi Kan Yi Kuskure

Mutane da dama sun ɗauka cewa in ƙaramin jirgin sama ya yi haɗari, to injinsa ne ya mutu. Wani lokaci haka ne. Amma binciken da ake yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa galibin irin waɗannan haɗarurruka daga hannun matuƙi suke fitowa, kuma sun fi aukuwa a lokacin sauka. Ƙaramin jirgi a nan shi ne mai farfela ɗaya, irin Cessna 172 mai ɗaukar mutum huɗu, ko waɗanda ake koyon tuƙi da su a makarantar Zariya da aka kafa a 1964.

Kuskure na farko yana wajen gudu. Iskar da ke bi ta fikafikai ita ce ke riƙe jirgi a sama. In matuƙi ya rage gudu fiye da kima, sai fikafikan su kasa ɗaukar nauyin, jirgin ya rikito, alhali yana dab da ƙasa, babu sararin da za a gyara. In kuwa ya zo da gudu mai yawa, sai jirgin ya yi ta shawagi a kan titin sauka, ya ƙi zama. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana ƙara tsawon filin da ake bukata da wajen kashi 20, watau jirgin da mita 500 ta ishe shi zai nemi mita 600. A filin ƙauye, wannan mita 100 ɗin kwalbati ce ko gonar wani.

Ka'ida kuma ita ce a sauka ana fuskantar iska. Don haka ne ake rataye doguwar jakar nan ta yadi a kan sanda a gefen fili, ta nuna inda iska ta dosa. Wanda ya sauka iska na bayansa ya ƙara wa kansa gudu ke nan. Iskar da ta bugo daga gefe kuwa tana iya ture jirgi daga titi, musamman guguwar da kan riga ruwa isowa a farkon damina.

Zafi da tudu suna sa iska ta yi shara-shara. Filin jirgin Jos ya haura mita 1,200 bisa teku. A can, da tsakar rana, jirgi yana taɓa ƙasa da gudun da ya fi abin da agogon gudunsa ya nuna. Hazon hunturu da duhu su ma suna ruɗin ido. Ranar 25 ga Oktoba 2012 wani jirgi Cessna 208 da Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, yake tuƙawa ya faɗi kusa da Yola. Cikin dalilan da rahoton bincike ya kawo har da tuƙi da dogaro ga ido bayan faɗuwar rana.

Sai dai kuskuren da ya fi kowanne shi ne nacewa. An koya wa kowane matuƙi cewa in ya ga saukar ba ta daidaita ba, ko jirgin ya bugi ƙasa ya yi tsalle, ko ya wuce inda ya kamata ya dira, to ya ba injin wuta, ya tashi, ya sake zagayowa. Abin 'yan mintoci ne. Amma kunya da gajiya da ɗokin isa gida sukan sa mutum ya ce bari dai in gwada. Sau da yawa ma ba shi kaɗai ne da laifi ba: akwai mai gida a kujerar baya, ana jiransa a taro, yana duban agogo.

Saboda haka ana roƙon duk wanda ya shiga irin wannan jirgi, komai girman muƙaminsa, da kada ya matsa wa matuƙi. In ya ce yau ba tafiya, ko ya juya zuwa wani fili, a bar shi. A kuma daina yi masa hira da zarar an fara gangarowa. Mazauna kusa da filayen sauka su hana dabbobi da yara ratsa titin jirgi. In kuwa haɗari ya auku, a taimaki waɗanda ke ciki, amma kada a ɗauki komai daga tarkacen jirgin, domin da shi ne ma'aikatan Hukumar Binciken Haɗarurruka ta Ƙasa za su gano abin da ya faru.