RABON DUKIYA IN AURE YA MUTU: RANAR WANKA BA A ƁOYE CIBIYA

Dattawanmu masu zaman sulhu a zauren Sarkin Zango sun daɗe suna kawo mana kuka ɗaya. Sun ce sakin kansa ba ya ba su wahala, gama kalma ce, in ta fita ta fita. Ranar lissafi ita ce ke hana su barci. Mutumin da jiya a ke kira Alhaji mai lori biyu, ran da aka zauna rabo sai ya wayi gari ba shi da ko anini. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna wannan magana da ku a fili.

Ga wata da aka kawo gaban dattawa a nan Kumasi, ba za mu faɗi suna ba. Mijin falken goro ne, matar kuwa shinkafa da wake ta ke sayarwa tun asuba, shekara goma sha takwas. Suka gina gida mai ɗaki shida. Da aure ya mutu, ya ce gidan na ƙanensa ne, ga takarda da sunan ƙanen. Matar ba ta da takarda ko guda. Amma mai buga bulo yana da rai, ya ce daga hannunta ya riƙa karɓar kuɗi. Mai karɓar susu kuma, watau adashi, ya kawo katunanta, aka ga duk watan da ta kwashe kuɗinta, a watan ne ginin ya ke tashi. Mijin ya sunkuyar da kai, ya yarda zai ba ta ɗaki biyu. To, da aka kira ƙanen, sai ya ce ai gida nasa ne, ba ya ba kowa. Wa ya gudu daga matarsa ya faɗa hannun ɗan'uwansa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mu fara da abin da malamanmu suka karantar da mu. A mazhabar Malikiyya aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Sadaki nata ne. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne. Ribar sana'arta tata ce, ci da sha da tufa da wurin kwana kuwa duk a wuyan miji su ke. Saboda haka kuɗin da ta zuba a bulo da kwanon rufi, in ba ta ce kyauta ba ce, ko dai rance ne a biya ta, ko kuwa tarayya ce a ba ta rabonta. In saki na kome ne, tana idda a ɗakinta yana ciyar da ita. In tana da ciki, sai ta haihu. In suka yi jayayya a kan kayan cikin gida, ba shaidu, abin da aka saba na mata ne a ba ta da rantsuwa, na maza kuma a ba shi da rantsuwa. Ciyar da yara kuwa gwargwadon ƙarfin uba a ke yanke shi. Wanda ya ɓoye samunsa ke nan, daga bakin 'ya'yansa ya ƙwace loma.

Sai dokar Gana, wadda ta sake ƙwarai, da yawanmu kuwa ba su ji ba. A 1959, cikin shari'ar Quartey da Martey, alƙali ya yanke cewa bisa al'ada wajibin mace ne ta taimaki mijinta, abin da aka samu kuwa nasa ne shi kaɗai. Wannan zamani ya wuce. Tsarin Mulki na 1992, sashe na 22, ya ce dukiyar da miji da mata suka samu tare cikin aure, in auren ya mutu a raba musu bisa adalci. A 2012, cikin shari'ar Mensah da Mensah, Kotun Ƙoli ta ce girki da wanki da renon yara su ma gudummawa ne, ba sai mace ta nuna rasit ba. A 2021 kuma, cikin shari'ar Adjei da Adjei, ta bayyana cewa mai cewa abu nasa ne shi kaɗai yana da damar kawo hujja, misali gado ne ya ci ko kyauta aka yi masa. Dokar Ƙasa ta 2020 ta ƙara ɗaure magana: fili ko gidan da aka saya cikin aure, ɗayansu ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar ɗayan a rubuce. Kotu kuma tana da ikon warware cinikin da aka ƙulla don a hana wani rabonsa.

Akwai dokar rajistar auren Musulmi tun 1907, wadda ta ce a rubuta aure cikin mako guda, saki kuwa cikin wata guda. Kaɗan ne cikinmu ke bi. Wanda ke da takardar ya huta da musu a kan ranar da aka ɗaura aure, ranar nan kuwa daga ita a ke fara lissafi, balle a gidan da ke da mata biyu ko uku, inda sai an san abin da aka samu kafin zuwan amarya da abin da aka samu bayan zuwanta.

To, ina a ke ɓoye dukiya? Mu 'yan kasuwa mun sani. Cinikinmu tun na kaka da kakanni bisa amana ya ke tafiya, ba takarda. Shanu suna wurin Fulani a daji. Kuɗin goro suna hannun mai masauki a wata ƙasa. Mota da sunan aboki, fuloti da sunan uwa, kaya an raba su bashi ga 'yan tebur a Kejetia. Wani ma sai ya ƙago bashin da ba a binsa. Ba maza kaɗai ba: akwai matar da za ta kai zinariyarta da atamfofinta ɗakin yayarta, ta yi shiru da adashi uku, sa'an nan ta nemi rabin kantin miji. Ita ma ta ci amana.

Amma yau ɓuya ta yi wuya. Tun 2009 da aka fara aika kuɗi ta waya, abin da a ke kira momo, kowane sidi yana barin sawunsa, layin waya kuwa an haɗa shi da katin ɗan ƙasa. Fili ana bin asalinsa a ofishin filaye, mota a ofishin lasin, kamfani a ofishin rajistar kamfanoni. Kotu tana iya sa banki ya kawo lissafin mutum. A maganar ciyar da yara, dokar 1998 ta ce kotun iyali ta dubi samun uwa da uba, tana kuma iya aika ma'aikacin jin daɗin jama'a ya bincika. Ban da wannan duka, zango ba ya rufa asiri. Direba ya san wanda ya ke kai wa kuɗin mota kowane maraice, 'yan haya sun san mai karɓar haya, magini ya san mai biyansa. Mutumin da ya ce ba shi da kome, amma ya je Umra bana, ya yi wa amarya lefe, rayuwarsa ce ke ba da shaida a kansa.

Shawararmu ga jama'a uku ce. Ta farko, tun ana zaman daɗi, in mata ta ba da kuɗin gini ko jari, a rubuta ko rance ne ko tarayya, mutum biyu su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani ma ya hore mu da rubuta bashi. Ta biyu, in an zo rabuwa, kowa ya kawo lissafinsa cikakke gaban liman da waliyyai, har da bashin da a ke binsa da wanda ya ke bi, a rubuta abin da aka shirya, gama dokar 2010 ta san da sulhun gargajiya in duka biyun sun yarda da shi. Ta uku, dattawa kada su rufe bakin mace da "yi haƙuri" alhali haƙƙinta na hannun wani. In ta fita zaure ba a share mata hawaye ba, kotu za ta, akwai kuma ofishin Gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya. Can kuwa asirin gida a bainar jama'a a ke karanta shi, kuɗin da da yara za su ci sai ya ƙare wurin lauyoyi.

Rabuwa da mutunci ita addini ya nema gare mu. Wadda ka saka yau uwar 'ya'yanka ce har abada, ran suna da ran biki za ku gamu. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.