Ungozoma da Sa'o'in Haihuwa a Arewacin Najeriya

A al'adar Hausawa, mace takan yi naƙuda ita kaɗai a ɗaki saboda kunya, musamman a haihuwar fari, ba a kiran ungozoma sai bayan jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta shirya wankan jego. Wannan tsari yana barin mace ba mai duba ta a lokacin da haɗari ya fi yawa, domin mafi yawan abubuwan da ke kashe masu ciki, wato zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda, suna aukuwa ne a lokacin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari kacal na haihuwa a Najeriya ake yi a hannun ƙwararru, kuma a Arewa maso Yamma adadin bai kai rabin haka ba.

Aikin ungozomar da ta sami horo yana farawa tun daga awo, inda take auna hawan jini, ta duba fitsari da kwanciyar ɗa, ta ba da ƙwayoyin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Idan mai ciki ta zo da kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ta san jijjiga na iya biyo baya, kuma ta san allurar magnesium sulphate ce ke tare ta. Da zarar jariri ya fito, takan yi wa uwa allurar oxytocin domin mahaifa ta tsuke, ta ɗora hannu a mara ta ji ko ta yi tauri, ta duba mabiyiya ko wani yanki ya maƙale, sannan ta ci gaba da lura da ƙyallen da ke ƙarƙashin mai jego, domin zubar jini na iya hallaka lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu. Shi kuwa jaririn da bai yi kuka ba, sai ta tsane shi, ta murza bayansa, in ya ƙi numfashi ta hura masa iska da ƴar jakar roba, ta kuma shafa chlorhexidine a cibiya maimakon gashin da aka saba. Babban gwanintarta kuwa shi ne gane lokacin da abu ya fi ƙarfinta, ta tura mace babban asibiti kafin doguwar naƙuda ta jawo yoyon fitsari, larurar da ake jinyarta a Babbar Ruga da ke Katsina.

A shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, sababbin yaye da waɗanda suka yi ritaya, amma da yawansu sun bar aiki saboda jinkirin alawus, rashin masauki da rashin jin harshen mutanen da aka kai su cikinsu. Wannan ya sa jihohi irin su Kano, Katsina da Jigawa suka koma ga ɗauko ƴan mata daga ƙauyuka, a horar da su, su koma garuruwansu, kuma wannan ita ce hanya mafi dacewa, domin maigidan da ba zai yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa ba yakan sake da ƴar garinsu wadda ya san iyayenta. Sai dai horo kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar ana barin ungozoma ɗaya ta kwana a asibitin da babu wuta, babu firjin ajiye oxytocin wanda zafi ke rage ƙarfinsa, babu kuma motar da za ta ɗauki mai naƙuda cikin dare.