Sojojin Ruwan Ƙasar Sin Suna Bin Sawun Hajarta Zuwa Afirka

Ranar 26 ga watan Disamba na 2008, jiragen ruwan yaƙi biyu na ƙasar Sin, Wuhan da Haikou, tare da jirgin guzuri mai suna Weishanhu, suka tashi daga tashar Sanya a tsibirin Hainan suka doshi mashigin tekun Aden, domin rakiyar jiragen 'yan kasuwa da 'yan fashin teku na Somaliya suka addaba. Tun daga wannan rana ƙasar ta riƙa sauya ayari bayan ayari a yankin, kuma a nan ne sojojin ruwanta suka koyi zaman watanni nesa da gida.

Dalilin wannan tafiya na ciniki ne kafin ya zama na yaƙi. A shekarar 2017 Sin ta zarce Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowace sayen ɗanyen mai daga waje, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na man da take sha shigo da shi take yi, galibi ta mashigin Malaka. Haka nan hajar da masana'antunta suke aikawa Turai ta Bahar Maliya da mashigin Suez take bi. Ƙasar da arzikinta ya rataya a kan hanyoyin ruwa irin waɗannan ba za ta so a ce tsaronsu yana hannun abokiyar hamayyarta kaɗai ba.

Rikicin Libiya na 2011 ya ƙara fito da wannan buƙata fili, lokacin da aka kwashe Sinawa sama da 35,000, akasarinsu ma'aikatan kamfanonin gine-gine da na mai. A 2015 kuma jiragen yaƙinta suka kwashe ɗaruruwan mutane daga Yaman zuwa Jibuti. Shekara biyu bayan haka, ranar 1 ga Agusta, 2017, Sin ta buɗe sansanin sojanta na farko a ƙetare a ƙasar ta Jibuti, 'yan kilomitoci kaɗan daga sansanin Lemonnier na Amurka.

Ga Jibuti, ƙasar da ba ta da noma ko ma'adinai na a zo a gani, hayar sansani babbar hanyar samun kuɗin shiga ce. Amurka ta amince a 2014 ta riƙa biyan dala miliyan 63 a shekara, rahotanni kuma sun ce Sin tana biyan kimanin dala miliyan 20. Faransa da Japan da Italiya su ma suna da sojoji a can. Sai dai sansanin Sin yana dab da tashar jiragen ruwa ta Doraleh, wadda kamfanin China Merchants yake da hannun jari a cikinta, kuma kamfanonin Sin ne suka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 750 zuwa Addis Ababa, wanda ya fara jigila a 2018. Da rancen bankunan Sin aka yi yawancin waɗannan ayyuka, abin da ya ɗora wa Jibuti bashi mai nauyi.

Ta fuskar jiragen sama, Sin ta fara ne da gwanjo. A 1998 aka sayi gangar jikin jirgin Varyag daga Yukren a kan dala miliyan 20, da sunan za a mayar da shi gidan caca a Makau. Bayan gyara na shekaru a Dalian, sai ya shiga aiki a 2012 da sunan Liaoning, jirgin Sin na farko mai ɗaukar jiragen saman yaƙi. Shandong, wanda aka ƙera a gida, ya biyo baya a 2019, sa'annan Fujian a watan Nuwamba na 2025. Shi wannan na uku yana da na'urar harba jirage mai aiki da lantarki da maganaɗisu, wadda take ba jiragen J-15 da J-35 damar tashi da mai da makamai masu yawa, tare da jirgin KJ-600 mai hango abokan gaba daga nesa. Duk da haka Amurka tana da irin waɗannan jirage 11, dukkansu masu aiki da nukiliya, alhali na Sin sai an riƙa kai masu mai.

Da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari a ƙarshen 2023, Sin ba ta shiga rundunar haɗin gwiwa da Amurka ta jagoranta ba. Manyan kamfanonin jigila suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin dako da na inshora suka tashi.

Nijeriya ma tana cikin wannan lissafi. A Sin aka ƙera jiragen sintirinta biyu, NNS Centenary da NNS Unity, kamfanin China Harbour kuma shi ya gina tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023. A watan Yulin wannan shekara jiragen yaƙin Sin uku suka yada zango a Legas, cikinsu har da Weishanhu na ayarin farko. Tun a 2021 jami'an Amurka suka bayyana fargabar cewa Sin tana neman sansani a gaɓar Atlantika, suna nuni da Ikwatoriyal Gini.

Saboda haka wajibi ne ƙasashen mashigin Gini su yi karatun ta natsu kan yarjejeniyoyin tashoshin jiragensu: wa zai gudanar da su, na shekara nawa, kuma wane irin jirgi ne aka yarda ya tsaya a cikinsu.